Farin da ke hoton ƙwaƙwalwar Hajiya ya ƙaru, ya zamuyi?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Mahaifiyata shekararta 71, muna zaune a Jidda. Shekara biyu da suka wuce an mata MRI na kai akace akwai ɗigo-ɗigon fari kaɗan, bana an sake a wani asibiti daban suka rubuta matsakaici. Wlh hankalina ya tashi, ko mantuwar tsufa ce zata kamata? Tun bara ta bar maganin hawan jini, wani mai magani yace ƙaho da zuma zasu wanke farin.

Amsa: Wa alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ki kwantar da hankalinki tukuna. Yawancin waɗanda suka haura 60 in aka musu hoton FLAIR, wato wani nau'in hoton MRI, za'a ga wannan farin ko yaya ne, ƙananan jijiyoyin jini ne suka tsufa suka matse.

Kuma "kaɗan" da "matsakaici" a takardar asibiti biyu bai isa ace ya ƙaru ba. Ma'aunin da aka fi amfani dashi shine na Fazekas, tun 1987, daga 0 zuwa 3, kuma da ido ake dubawa, likita biyu sai su saɓa akan hoto ɗaya. Ga bambancin na'ura, mai ƙarfin maganaɗisu Tesla 3 tana iya nuna abinda mai Tesla 1.5 ta tsallake. Ki karɓo faifan CD ɗin duka biyun, ba takardar kawai ba, ki kaiwa likitan hoto guda ɗaya ya jera su gefe da gefe, inda suke da manhajar kwamfuta ma a mililita ake auna girman farin. Nan gaba kuma a tsaya a na'ura ɗaya.

Amma abinda ya ɗaga min hankali a saƙonki shine barin maganin nan. Kullum sai na haɗu da wannan, tsohuwa ta zo jininta ya hau sama, a tambayeta ina magani tace ai an mata ƙaho an zuƙe mugun jinin. Wane mugun jini? Farin nan ba datti bane da za'a wanke, lahani ne a cikin naman ƙwaƙwalwa, kuma banda tsufa babu abinda ke ƙara shi kamar hawan jini, wanda baya ciwo balle mutum ya ji a jikinsa. Ni ban hana zuma ba, ban hana zamzam da addu'a ba, asha a roƙi Allah, amma wanda zai kalli uwar wani yace ta ajiye ƙwayarta don ya karɓi riyal ɗinta, ya ji tsoron Allah, ranar da ɓarin jikinta ya shanye ba shi zai yi jinya ba, ke ce. A binciken SPRINT MIND na Amurka da ya fito a 2019, waɗanda aka sauke lambar sama ta awon jininsu ƙasa da 120 farinsu bai ƙaru kamar na waɗanda aka tsaya ƙasa da 140 ba. Kinga magani ke rage masa gudu kenan. Amma kar ki ɗora mata ƙwaya da kanki, tsofaffi jiri na kayar dasu, likitanta ne zai tsayar da adadin da ya dace da ita.

Cikin satin nan ki kaita a auna jini da suga, ki faɗa musu in tafiyarta ta canza ko fitsari na kufce mata ko mantuwa ta yawaita. In kuwa baki ya karkace ko hannu ya saki ko magana ta harɗe farat ɗaya, ki buga 997, lambar motar asibiti ta Saudiyya, nan take, kada a tsaya jiran gari ya waye.