Alhaji, takardar CAC ba ta hana 'yan Alausa ƙwanƙwasa maka ƙofa

Wani Alhaji mai sana'ar kilishi da dambun nama da yaji a Agege ta jihar Legas ne ya aiko min da tambaya, kuma daga yadda ya rubuto ka san ransa a ɓace yake. Yace shekara uku kenan da ya yi wa sana'ar rajistar kamfani, saboda manyan kantunan da yake kai wa kaya a Ikeja da Lekki sun ce ba za su riƙa tura kuɗi asusun mutum ba sai na kamfani. Yana da lambar haraji, yana da akanta mai tura wa tarayya lissafi duk shekara, yaransa tara a wajen aiki. Kwatsam sai ga takarda daga masu harajin jiha, wato 'yan Alausa, unguwar da ofisoshin gwamnatin Legas suke, suna neman maƙudan kuɗi na shekarun baya, a satin kuma aka manna masa sitika a allon shago, ga 'yan ƙaramar hukuma da nasu rasit ɗin. Sai yace: "Barista, ni da na biya Abuja, jiha kuma me take nema a wajena? Wannan ba cin haraji biyu ba ne? In kai su kotu ko in share su?"

Toh Alhaji, ranka ya daɗe, kada ka yi ko ɗaya cikin biyun tukuna. Kotu kuɗinka za ta ci a banza a wannan matakin, sharewa kuwa ita ce ma mafi haɗari, zan zo kanta.

Abin da ya rikita ka shi ne ranar da hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista ta ba ka takardar rajistar nan, a idon doka kun zama ku biyu. Akwai kai, Alhaji mai numfashi da ke kwana a Agege, akwai kuma kamfanin, wanda dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 take ɗauka kamar wani mutum ne daban mai sunansa da asusunsa da bashinsa. Harajin ribar kamfani na tarayya ne, shi ne akantanka yake ta fama da shi, da can FIRS ake ce wa hukumar da ke karɓarsa, daga Janairun 2026 kuma ta koma NRS. Amma harajin abin da ɗan Adam ya samu, wato albashin yaranka da abin da kai kanka kake ɗiba daga kamfani ka kai gida, wannan na jihar da mutum yake zaune ne, a nan Legas kuma LIRS, hukumar harajin jihar, ce ke karɓa. Kaga kenan ba saniya ɗaya ake tatsa sau biyu ba, shanu biyu ne, kai dai ɗaya kawai aka nuna maka. Kuma gaskiya ina ganin laifin masu yi wa mutane rajista a nan, su karɓi kuɗinsu su miƙa satifiket a yi hoto, babu mai zaunar da ɗan kasuwa ya ce masa ga abin da ka ɗauko wa kanka.

Na san abin da ake faɗa a kasuwa, wai ai dokar tarayya tana gaba da ta jiha. Haka ne, sashe na 4(5) na kundin tsarin mulki na 1999 ya faɗi hakan, amma sai in dokokin biyu sun yi karo a kan abu guda wanda tarayya take da hurumin yi wa doka. In kowa a gonarsa yake noma babu zancen babba da ƙarami. Kundin ya ware abubuwan da tarayya ce kaɗai ke taɓawa, kamar rajistar kamfanoni da kwastan da banki, ya ware waɗanda tarayya da jiha duk suke da hannu a kai, abin da ba a ambata ba kuma ya faɗa hannun jiha. Kuma kada ka ɗauka kullum Abuja ce ke cin nasara. A 2013 Kotun Ƙoli ta ce ba da lasisin otal hurumin jiha ne, Legas ce ta ci wannan shari'ar, a Nuwamban 2024 ma ta sake cin ta caca da tambola. Rigimar VAT, harajin da ake ɗorawa kan kayan da aka saya, kuwa kana nan aka yi ta a 2021, lokacin da kotun tarayya a Fatakwal ta ba jihar Ribas gaskiya, Legas ta yi wuf ta kafa tata dokar, 'yan kasuwa suka rasa wa za su biya har kotun ɗaukaka ƙara ta ce kowa ya tsaya a inda yake. Har yau tarayya ke karɓarsa, kashi 7.5 cikin ɗari. Irin waɗannan shari'o'in gwamnatoci ne ke yinsu da manyan lauyoyi shekara da shekaru, ba mai kilishi ba.

Mu dawo kan takardar. Kusan na tabbata ta PAYE ce, harajin da doka ta ce mai gida ya cire daga albashin ma'aikaci ya miƙa wa jiha kafin 10 ga watan da ke biye, sannan kafin 31 ga Janairu ya kai jerin sunayen ma'aikatansa da abin da ya biya kowa a shekarar da ta wuce. Kai kanka kuma kana da naka bayanin da za ka kai kafin 31 ga Maris. In ba ka taɓa kai komai ba, to ba su da abin dubawa, sai su kintata, su dubi girman wajen da unguwar da motar da ke ajiye a ƙofa su rubuta adadi, kuma doka ta ba su damar komawa baya har shekara 6. Shi ya sa kuɗin ya firgita ka. Kintace ne, ba hukunci ba.

Amma kintacen nan yana da wa'adi, kuma nan ne nake so ka buɗe kunne. Kwana 30 gare ka daga ranar da takardar ta shigo hannunka ka rubuta ƙorafi, a rubuce, ka faɗi dalilanka da adadin da kai ka yarda ana binka. In kwanakin suka wuce ba ka ce uffan ba, adadin ya zauna daram, ya zama bashi tabbatacce ko da kuwa kowa ya san an zuga shi, daga nan sai tara da ruwa su hau, sai maganar rufe waje. Mutanenmu da yawa a nan suke faɗawa rami, a sa takarda a ƙarƙashin teburi a ce bari in Sarkin Hausawa ya dawo daga tafiya a yi masa magana, ko akwai wani ɗan uwa da ya san wani a Alausa. Ba na raina wannan hanyar, tana da ranarta, amma ba ta tsayar da ƙidayar kwana. Ka shigar da takardarka a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka, sannan duk wanda za a gani a gan shi.

Kuma ina kyautata zaton in aka zauna aka yi lissafi na gaskiya kuɗin zai zube sosai. Tun 2021 wanda albashinsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba babu haraji a kansa, lokacin naira 30,000 ne, a Yulin 2024 ya koma 70,000. Sabuwar dokar harajin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, wadda ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, ta ce naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu ko kwabo a kai, wato wajen dubu 66 da 'yan kai a wata. Shekarun baya da tsohuwar doka za a auna su, na yanzu da sabuwa. To cikin yaranka tara nawa ne suka haura wannan? Ƙila mai kula da waje da direba. Matsalar ita ce hujja, domin na san yadda muke biyan yara, a hannu, wani kullum wani duk Juma'a, wani ma uwarsa ake tura wa a gida, babu littafi. Ka zauna da akanta ku haɗa abin da za a iya haɗawa, bayanan banki, alat na waya, har littafin da kake rubuta bashin yara in akwai, kowane yaro ya sa hannu a kan abin da yake karɓa. Daga watan nan kuma albashi ta banki.

Ga wani abu da ba kowa ya sani ba, tunda Agege kake. In cikin yaran akwai mai kwana a Sango-Ota ko Mowe ko Ibafo, yana shigowa aiki da safe, harajinsa na jihar Ogun ne ba na Legas ba, domin mazauni ake bi ba wajen aiki ba. Ka sa wannan a cikin ƙorafin. Amma kada ka ce kai ma za ka fake da wannan, wai ai iyalinka suna Kano can kake biya. Inda kake zaune kana neman abincinka nan ne jiharka a wajen haraji, zuwa gida da sallah ba ya canza komai.

In kun kai ƙorafi za su kira ku zaman daidaita lissafi, yawanci a nan ake gamawa, kuma kana iya roƙon a raba maka biyan kashi-kashi. In suka ƙi sauya adadin suka ba ka amsa a rubuce, sai a tafi kotun ɗaukaka ƙarar haraji, ita ma kwana 30 ne. Sai a wannan gaɓar nake ganin ɗaukar lauya ya zama dole, kafin nan akanta mai kan gado ya ishe ka.

Sitikar allo ba ta da wani dogon zance. Hukumar LASAA ce ke kula da allunan talla a jihar tun 2006, duk allon da ke kallon titi ana biya masa kuɗi duk shekara gwargwadon girmansa da unguwar. Ko ka biya ko ka sauke allon. Kuɗin shara na LAWMA ne, hukumar shara ta jihar, ta hannun masu motar da aka ba unguwarku. Harajin fili da gini na mai gida ne, in haya kake ka duba yarjejeniyarku kada a ɗora maka abin da ba naka ba. Kuɗin izinin shago kuma na ƙaramar hukuma ne, halas ɗinsu ne, yana cikin dokar 1998 da ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa. Dokar nan ce kuma ta hana tare hanya don karɓar haraji. Duk wanda ya zo da riga mai tambari yana cewa kawo a hannu, ka nemi takardar neman biya mai sunan kamfaninka, ka biya a banki cikin asusun gwamnati, ka adana rasit. Legas ce, mai gaskiya da ɗan damfara duk riga iri ɗaya suke sawa.

Abin da ya fi damuna ma ba ka tambaye shi ba. Ka ce kana ƙulla kilishi da yaji a leda da tambarinka kana kai wa kantuna, amma ban ji ka ambaci NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ba. Abincin da aka ƙulla aka sa wa suna don sayarwa sai da lambarsu, kuma kowane kaya da tasa, lambar kilishi ba ta rufe yaji. Za su zo su duba wajen da ake aikin. Wannan na tarayya ne, kuma samun sa ba zai hana dubagarin ƙaramar hukuma shigowa ya nemi takardar gwajin lafiyar masu taɓa abinci ba, ba kuma zai ba ka damar zuba kaya a farar robar nan ta kumfa ba, wadda Legas ta haramta tun Janairun 2024 ko da a wata jihar ana amfani da ita. Sannan akwai kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi da ake biya wa NSITF, asusun inshorar ma'aikata, kuma mai yara suna aiki da wuƙa da wuta kullum bai kamata ya ga wannan a matsayin asara ba, in yaro ya ji rauni a bakin aiki daga nan diyya take fitowa. Fansho ma ka bincika ko ya zama tilas a kanka, in ya zama, kai kashi 10 na albashi su kashi 8. Ka kuma tambayi akantan ko yana kai wa CAC bayanin shekara-shekara, domin wannan daban yake da na haraji, kuma ko da sabuwar doka ta sa kamfaninka cikin ƙanana da ba sa biyan harajin riba, miƙa bayani bai faɗi a kanka ba.

Ban ga takardar da idona ba, abin da ka rubuto na bi. Yau ɗin nan ka ɗauko ta ka duba kwanan watan da aka kawo ta da wanda ya sa hannu ya karɓa, in yaron shago ne ya karɓa ya ajiye sati biyu bai faɗa maka ba, to kwanakin nan sun riga sun fita daga cikin talatin ɗin, ka kira akanta kafin la'asar.