Harajin Amurka Ne Ya Sa Motar Lantarki Tsada a Sakkwato?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, ina zaune a unguwar Mabera a Sakkwato. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin fetur ya sha mini kai. Ina son motar lantarki ƙirar China, amma ɗana ya ce harajin da Amurka ta ɗora musu ya sa sun yi tsada. In saya ko in dakata?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Labarin da yaron ya ji gaskiya ne, sai dai ba a kanka ya faɗa ba. A 2024 Amurka ta ɗora wa motocin lantarki na China harajin kashi 100 cikin 100. Tarayyar Turai ita ma ta ƙara nata a kan kashi 10 da ake biya tun da can: motocin kamfanin BYD kashi 17, na kamfanin SAIC kashi 35.3. A tashoshin jiragen ruwansu ake karɓar kuɗin, mai saye na can ne yake ji a jikinsa. Motar da ta taso daga China ta sauka Legas babu ruwanta da shi.

Masu cin aljihunka na gida ne: canjin dala, kuɗin kwastam, da ladan ɗauko ta daga Legas. Gwamnatin tarayya ta cire wa motocin lantarki harajin VAT a 2024, don haka ka ce dillali ya baje maka takardun fito ka ga abin da aka biya da idonka.

Ni abin da ya fi damuna wuta ce da rana. Akwai tashar caji mai aiki da hasken rana da aka buɗe a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021, lokacin da ɗan garin nan Jelani Aliyu yake shugabantar NADDC, hukumar tarayya mai kula da harkar ƙera motoci, abin alfaharinmu ne kuwa. Amma ba can za ka riƙa zuwa kullum ba. Cajin yau da gobe a gida ake yinsa, kuma batirin mota ya ninka na injin solar da ke kunna maka fanka da firij sau da yawa. Ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, shi kuma batiri zafi ne ke tsufar da shi. Ajiye ta a inuwa, ko ƙarƙashin dogon yaro ne, a yi caji bayan rana ta faɗi. Ka nemi mota mai nau'in batirin lithium da ake kira LFP, ya fi jure zafi.

In zirga-zirgarka daga Mabera zuwa kasuwa ce da kai yara makaranta, kuma unguwarku na samun wuta ko kana da solar mai ƙarfi, saya, jira ba zai sauko maka da farashi ba, tunda ba harajin wata ƙasa ne ya ɗaga shi ba. In kuwa kana yawan bin hanyar Gusau zuwa Kano, ɗauki mai haɗa fetur da batiri tukuna. Kuma kada ka biya ko kwabo sai an nuna maka garantin batiri a rubuce, da makanikin da zai iya duba ta a nan Sakkwato.