Takunkumi ko kashewa? Amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Malam, na karanta wata fassara da ta ce ciwon daji yana "kashe" ƙananan RNA kafin ya yaɗu. Kalmar ta dace?

Amsa: Ba ta dace ba, ɗan'uwa, kuma wannan gaggawar ta masu fassara tana damuna. Abin da aka kashe ba ya tashi. Kalmar da ta dace ita ce takunkumi, irin wanda ake ɗaura wa dabba a baki: haƙora suna nan daram, cizo ne kawai babu.

Waɗannan ƙananan RNA, wato maikro-RNA, 'yan guntaye ne da ƙwayar jiki ke kwafa daga DNA, kundin gado; tsawonsu haruffa 22 ne ko kusa da haka. An gano na farko a 1993 a jikin wata 'yar tsutsa, aikin da ya kai Victor Ambros da Gary Ruvkun ga kyautar Nobel a 2024. Aikin maikro-RNA shi ne su tare saƙon da DNA ke aikawa kafin ya zama furotin. A ciwon daji sai a liƙa metil, wato kabon ɗaya da haidirojin uku, a kan harafin C a mafarin wurin da DNA ke ɗauke da umarnin yin su. Ko harafi ɗaya bai sauya ba, karantawa aka hana. Shi ya sa mai cewa "sauyin gado" shi ma ya kauce.

Dubi dangin maikro-RNA da ake kira miR-200. Su ke danne wasu furotin biyu, ZEB1 da ZEB2. Da zarar an sa wa miR-200 takunkumi, waɗannan biyun sai su yi yawa, su hana yin E-cadherin, ƙaron da ke manne ƙwayoyin jiki da juna. Sai ƙwaya ta ɓalle, ta bi jini, ta yada zango a huhu ko hanta. Kuma takunkumi yana ciruwa: maganin azacitidine yana hana liƙa metil ɗin, ko da yake a wasu cututtukan ɓargo da jini ake amfani da shi.

Tambaya: Daji, sankara ko kansa?

Amsa: Biyun farko namu ne, na ukun aro. In kina da naki, malama, me ya kai ki aro?

Tambaya: Karin maganar "sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga" za ta yi a nan?

Amsa: Rabinta za ta yi. Tsagewar bangon daidai ce, domin rasa E-cadherin ke nan. Sai dai ƙadangare daga waje yake zuwa, ita kuwa wannan ƙwayar 'yar gida ce, ta tsagar take ficewa.