Abincin kwikwiyo na buhu: me zan duba kafin in sara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon abincin kaji da magungunan dabbobi a Sabon Gari, Zariya. Kwanan nan masu karnukan gadi daga GRA da Samaru da Hanwa suna yawan tambayata busasshen abincin 'yan kwikwiyo. Wani dila daga Legas ya turo mini farashin iri uku, duk buhu mai kilo 15, amma tazarar da ke tsakanin mai araha da mai tsada ba kaɗan ba ce. Yaya zan gane mai inganci? Ina gudun in zuba jari kaya su yi mini kwantai.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin a yi maganar kuɗi, ce wa dilan ya ɗauko maka hoton bayan kowane buhu da gefensa ya turo, yadda rubutun zai karantu. Hoton kare mai sheƙi da tsokar nama da ke gaban buhu talla ce kawai.

Fara da neman kalma ɗaya. Buhun ya ce "puppy" ko "growth" ko "all life stages", kuma ya ce abincin cikakke ne, wato "complete". In ka ga "adult" ko "maintenance", na babban kare ne, ba zai riƙe kwikwiyo mai tasowa ba. Kayan Amurka sukan ambaci ma'aunin AAFCO, na Turai kuma FEDIAF, wato ƙungiyoyin da ke tsara ma'aunin sinadaran abincin dabbobi a can. Duba lambar NAFDAC da lambar zubi, wato "batch number", da ranar lalacewa. Wanda aka manna wa sabuwar takarda a kan ranar lalacewa, ko rubutun ya goge a daidai wurin, bar wa dila kayansa.

Daga nan sai jerin kayan haɗi. Ƙa'ida ita ce a jera su daga mafi nauyi zuwa mafi ƙaranci, amma nauyin da ake aunawa na kafin dafuwa ne, da ruwansa da komai. A nan ake ruɗar mutane. Ɗanyen naman kaza kusan kashi 70 cikin 100 ruwa ne, saboda haka yana iya zama na farko a jeri, amma da an busar da abincin sai ya koma bayan masara. Garin naman kaza da aka riga aka busar, wanda suke rubutawa "chicken meal", ruwansa bai wuce kashi 10 ba, kuma fiye da rabinsa furotin ne. Kai da ke sayar da garin kifi ga masu haɗa abincin kaji ka san bambancin ɗanye da busasshe a kan sikeli. Abin da kake so shi ne ka ga sunan dabba ƙarara, kaza ko rago ko kifi, a cikin biyun farko.

Akwai wata dabara kuma. Sai a raba abu ɗaya gida uku: masara, garin masara, dusar masara. Kowanne shi kaɗai bai kai nauyin nama ba, sai nama ya hau sama, alhali in ka haɗa ukun, buhun masara ne aka yi wa turaren nama. Ba wai hatsi laifi ba ne. Kare yana narkar da dafaffiyar shinkafa da masara lafiya lau, kuma ba sai ka biya kuɗin banza don an rubuta babu hatsi a ciki ba. Matsalar ita ce hatsi da waken suya su zama su ne gundarin abincin.

In aka rubuta "meat and animal derivatives" ba tare da sunan dabba ba, ba ka san me ke ciki ba, kuma yana iya canzawa daga zubi zuwa zubi. Yana iya haɗawa da alade. A Zariya wannan ba ƙaramar magana ba ce, ga kai mai ɗauka da ajiyewa, ga mai saye. Hukuncin na malamai ne, amma ta fuskar ciniki, buhun da ya faɗi sunan dabbarsa ya fi sauƙin karewa idan kwastoma ya tambaya.

Sai alƙaluma. Ma'aunin AAFCO na kwikwiyo ya ce furotin kada ya gaza kashi 22.5, maiƙo kashi 8.5, kalsiyam kashi 1.2, fosfaros kashi 1.0, duk bayan an cire ruwan abincin. Lissafin ba wuya: buhu ya ce furotin 26, danshi 10, sai ka cire 10 daga 100 ya rage 90, ka raba 26 da 90, ka ninka da 100, ka samu kusan 29. Waɗannan mafi ƙarancin abin da aka yarda da shi ne, abinci mai kyau yakan haura su. Sai dai kada lambar furotin ta ɗauke maka hankali ita kaɗai. A ɗakin gwaji sinadarin naitirojin ake aunawa a ninka da 6.25, ma'aunin bai san tsoka da gashin kaza ba. Ta wannan ƙofar aka zuba sinadarin melamin a kayan haɗin abincin dabbobi a 2007 don lambar ta hau, karnuka da kyanwoyi da yawa suka mutu da ciwon ƙoda a Amurka. Shi ya sa ake karanta lamba tare da jerin kayan haɗi. Idan ka ga man kifi ko DHA, wani nau'in maiƙo da ake samu a man kifi, a jerin, ƙari ne mai amfani ga ƙwaƙwalwa da idon kwikwiyo.

Inda nake so ka fi natsuwa shi ne kalsiyam, domin yawancin masu zuwa wurinka manyan karnuka suke reno, irin su Alsatian da Boerboel da Rottweiler da Caucasian. Kwikwiyon da zai kai kilo 32 ko fiye in ya girma, kalsiyam ɗin abincinsa kada ya wuce kashi 1.8, kuma ya kasance tsakanin daidai da fosfaros zuwa ninki biyunsa. A watanninsa na farko hanjinsa ba ya iya tace abin da ya yi yawa, gwargwadon yawan da aka ba shi yake zuƙewa, sai ƙashi da gaɓoɓi su tashi a karkace. Haka ma in abincin ya cika maiƙo ya yi saurin ƙiba, nauyi ya riga ƙashi ƙwari. Don haka nemi buhun da aka rubuta "large breed puppy". Kuma ga jarabar da ke cikin shagonka: garin ƙashi da kake sayar wa masu kajin ƙwai. Wani zai ce ka auna masa ya riƙa barbaɗa wa kwikwiyo don ƙafarsa ta yi kauri. Kada ka auna. Ribar ba ta kai ta ranar da zai dawo da kare mai gwame yana cewa abincinka ne ba.

Yanzu kuɗi. Kada ka gwada buhu da buhu, gwada cin yini da cin yini. Kowane buhu yana da jadawalin giram nawa za a ba kwikwiyo bisa watanninsa da nauyinsa. Ga misali da farashin ƙaddarawa, kai ka sa na dilanka. Buhun naira 60,000 kilo ɗaya ya kama 4,000. In jadawali ya ce giram 300 a yini, cin yini 1,200 ke nan, buhu ya yi kwana 50. Buhun naira 45,000 kilo ɗaya 3,000 ne; in sai an ba da giram 450 kafin ya wadatar, cin yini ya zama 1,350, buhu ya ƙare a kwana 33. Mai arahar ya fi tsada, ga tulin bayan gida a tsakar gida. Rubuta wannan lissafin a kwali ka rataye, zai rage maka musu da masu saye.

Na sama duka a takarda ne. Sayi buhu ɗaya na kowane iri tukuna, ka buɗe. Ƙwayoyin su zama bushe ƙayau, girmansu ɗaya, su karye da ƙara. Damƙi hannu guda ka shinshina: in ka ji warin tsohon man gyaɗa da ya kwana biyu a galan, maiƙon ya lalace. Zura hannu har gindin buhu, in gari ya yi yawa ko ka ga ƙwari ko ƙwayoyi sun dunƙule, danshi ya shiga. Funfunar da ke kama masara da gyaɗa tana haifar da gubar afulatoksin, kare kuwa ba ya jure ta, hanta take ci. Alamarta ƙin cin abinci, amai, kasala, da ido ya yi ɗorawa. A ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021 ta kashe karnuka fiye da 100 a Amurka ta hanyar abincin buhu. Dafuwa ba ta kashe ta, kuma ba kullum ido ke ganinta ba.

Wannan ya kawo mu ga sito. Zafin Maris da Afrilu a shagon kwano yana lalata maiƙo, laimar Yuli da Agusta tana kawo funfuna. Ɗora buhuna kan katako, nesa da bango, nesa da maganin ƙwari da taki. Wanda ya fara shigowa shi ke fara fita. Kada ka karɓi kayan da saura ƙasa da wata shida su lalace, komai rangwamen. Abincin da aka adana da bitamin E, wanda suke rubutawa "tocopherols", ya fi saurin lalacewa a kan wanda aka adana da sinadaran BHA ko BHT, sai ka rage yawan sarinsa.

Za a matsa maka ka fasa buhu ka auna a mudu. Akwai riba a ciki, amma buɗaɗɗen buhu bai kamata ya wuce mako huɗu zuwa shida ba. In za ka yi, fasa ɗaya kawai, ka auna da sikeli kilo-kilo a leda mai kauri, ka ɗaure, ka rubuta suna da ranar lalacewa da ranar fasawa. In ba za ka iya sayar da kilo 15 a wata ba, ƙananan jakunkuna na kamfani sun fi maka.

Shawarata ka bar mafi arahar in dai hatsi ne ya cika saman jerin kayan haɗinsa. Ɗauki iri biyu, na tsakiya da yawa, mai tsada kaɗan ko sai an yi oda an ba da kafin alƙalami. Sarin farko kada ya wuce abin da za ka sayar a wata biyu.

Duk wanda ya saya, gaya masa ya sauya abinci a hankali cikin kwana bakwai, yana ƙara sabo yana rage tsoho, in ba haka ba zawo zai biyo baya. Kwikwiyo ɗan ƙasa da wata uku sau huɗu yake ci a yini, zuwa wata shida sau uku, daga nan sau biyu, da ruwa a gabansa kullum. Tambaye shi ko an ba da maganin tsutsa, an yi allurar rigakafi. In ya dawo yana cewa kwikwiyo na amai da zawo mai jini, kada ka tsaya musu a kan abincinka ko ka miƙa masa magani daga kanta, domin sau da yawa cutar fabo ce, wato "parvo", kuma tana kisa cikin 'yan kwanaki. Tura shi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru a ranar, ya tafi da ledar abincin da lambar zubin.