Cin abinci a gidan gado na garin Haro: me Musulmi zai ci, me zai bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin gona ne daga Zariya, kuma wurin aikinmu zai tura ni kwas na mako biyu kan noman rani a yankin La Rioja na ƙasar Sifaniya. Masu masaukina sun rubuto cewa ranar Asabar za su kai ni garin Haro, mu ci abinci a wani gidan abinci da iyali ɗaya ke riƙe da shi tun kaka da kakanni. Na ji an ce yankin na giya ne da naman alade. Yaya irin wannan wuri yake, kuma me zan ci ba tare da na saɓa wa addinina ko na kunyata waɗanda suka gayyace ni ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kai ka lafiya, ya sa a amfana da abin da za ka koyo. Abin da ka ji gaskiya ne, amma rabin labarin ke nan. Na zauna a wannan yanki, na ci abinci a irin waɗannan gidaje sau da yawa, kuma ina tabbatar maka za ka tashi a ƙoshe, da mutuncinka, muddin ka yi magana tun da wuri kuma ka san sunayen abubuwan da za ka tambaya.

Haro, wanda su suke kira "Aro" domin ba sa furta harafin farko, ƙaramin gari ne mai mutum kimanin dubu goma sha biyu, a kusa da kogin Ebro, kimanin kilomita 45 daga Logroño, babban birnin yankin. Tun da kai malamin gona ne, labarin arzikinsa zai ba ka sha'awa. A ƙarni na 19 wani ƙwaro mai cin saiwar kurangar inabi, filoksera, ya lalata gonakin Faransa, sai 'yan kasuwar birnin Bordo na Faransa suka tsallako neman giyar inabi a nan. Ga kuma layin dogo da ya haɗa garin da tashar jiragen ruwa ta Bilbao tun 1863. Shi ya sa manyan kamfanonin giya suka taru a unguwar tashar jirgin ƙasa: López de Heredia a 1877, CVNE a 1879, La Rioja Alta a 1890. Ƙwaron ya iso yankin shi ma a 1899, aka sake dashe a kan saiwar inabin Amurka mai jure masa. Gidajen abinci na gado sun taso ne tare da wannan kasuwa, suna ciyar da manoma da fatake da ma'aikatan rumbunan giya. Akwai ɗaya a garin mai suna Terete, da ke gasa ɗan rago a tanderun itace tun 1877.

Kada ka sa ran ganin ƙyale-ƙyale. Teburan katako ne, wani lokaci dogaye da za ka zauna kusa da baƙin da ba ka sani ba, ga hotunan iyaye da kakanni a bango, ga hayaniya kamar gidan biki domin mutanen nan da ƙarfi suke hira. Sau da yawa uwa ko ɗanta ne a kicin, 'yarta ko surukarta ke kawo abinci, maigidan yana zagayawa yana gaisawa da mutane da sunayensu. Wannan shi ne babban sa'arka. A babban otal mai kawo abinci bai san abin da aka zuba a tukunya ba, sai ya ce maka "babu komai" don ya rabu da kai. A gidan gado kuwa wadda ta dafa tana bayan ƙofa, kuma za ta iya fitowa da kanta ta faɗa maka. Ka yi amfani da wannan dama.

Sai batun lokaci, wanda ke rikita baƙi. Ba a zama cin abincin rana kafin ƙarfe biyu, na dare kuma sai tara ta wuce. Dalili shi ne tun 1940 agogon ƙasar yake gaba da rana. Da bazara rana ba ta kaiwa tsaka sai bayan ƙarfe biyu na agogonsu, wato lokacin da za a zauna cin abinci shi ne daidai shigar Azahar. Ka tsara sallarka da wannan a rai, domin zaman Asabar yana iya kaiwa ƙarfe biyar. Bayan an kwashe kwanuka ba a tashi, ana ci gaba da hira da shan kofi, abin da suke kira sobremesa. Wanda ya miƙe da zarar ya haɗiye lomar ƙarshe, kamar wanda aka kawo wa ruwa ne ya sha a tsaye ya fice ba sallama. Ka ci ƙwaƙƙwaran karin kumallo, kuma kada ka sa wani alkawari da yamma.

Yanzu ga inda nake so ka fi mai da hankali. A tunanin mai girki na wannan yanki, ɗan yankan naman alade da aka jefa a miya ba nama ba ne, kayan ɗanɗano ne, kamar yadda mu ba ma lissafa daddawa a matsayin abinci na daban. Idan ka ce "ba na cin nama", za a iya kawo maka ganye da gutsattsarin alade a kai, da zuciya ɗaya. Ni kaina haka ta faru da ni a makonnina na farko. Na nemi menestra, wato haɗin kayan lambu da aka dafa, ina ganin na tsira, sai ga jajayen gutsattsari a tsakanin waken. Matar ba ta yi nufin cuta ba, ni ne ban san abin da zan ambata ba. Ta mayar da kwanon, ta soya mini ƙwai da tattasai, tana ta ba da haƙuri.

Don haka ka haddace kalmomi huɗu. Jamón, ana furta shi "hamon", busasshiyar cinyar alade ce. Chorizo, niƙaƙƙen naman alade ne da jan barkono da aka ɗura a hanji. Tocino, kitse ne mai ɗan nama. Manteca kuma narkakken kitsen alade, wanda ya fi sauran ɓuya domin ido ba ya ganinsa. Ka fara da cewa "Soy musulmán, no como cerdo ni bebo alcohol", ma'ana ni Musulmi ne, ba na cin alade, ba na shan giya. Sannan ga kowane abinci ka tambaya, "¿Lleva jamón, chorizo, tocino o manteca?" Kalmar lleva ana furta ta "yeba". Idan harshen ya yi maka nauyi, rubuta a takarda ka miƙa. Abin da ya fi duka, ka sa masu masaukinka su faɗi haka tun ranar da suke kama tebur, domin a ranar Asabar kicin a cike yake, ba lokacin sauya girki.

Abincin da suka fi alfahari da shi, patatas a la riojana, dankalin turawa ne da aka dafa da chorizo har romon ya yi ja. Wannan ba naka ba ne, kuma tsame naman ba ya gyara shi, tun da kitsen ya riga ya narke a ciki. Haka caparrones, jan waken da ake dafawa da sassan alade iri-iri. Croquetas, 'yan dunƙulen da ake soyawa masu laushin ciki, galibi da jamón ake yin su. A garin Ezcaray da ke kudu da Haro, croquetas ɗin gidan abincin Echaurren na iyalin Paniego sun yi suna a duk ƙasar ta hannun marigayiya Marisa Sánchez, kuma ɗanta Francis ne ya fara kawo wa La Rioja tauraron Michelin, lambar yabon da ake ba fitattun gidajen abinci. Na kawo wannan ne don ka ga darajar da girkin uwa yake da ita a wurinsu, ka kuma gane dalilin da zai sa a matsa maka ka ɗanɗana. Ka ƙi cikin fara'a, ka yaba ƙamshin.

Abin da ya rage maka yana da yawa, kuma a ganina shi ne mafi daɗin abincin yankin. Kwarin Ebro ƙasar lambu ce, da kanka za ka gani a wurin kwas. Akwai gasasshen jan tattasai da ake ɓare fatarsa a zuba man zaitun da tafarnuwa, musamman na garin Nájera. Akwai naman kaza, wato laimar kwaɗi irin wadda ake ci, ba naman tsuntsu ba, da ake gasawa a faranti, wanda yankin yake kan gaba wajen nomansa a Sifaniya. Akwai tortilla de patatas, wainar ƙwai da dankali mai kauri. Akwai pochas, ɗanyen farin wake mai laushi kamar man shanu, idan an dafa shi da kayan lambu kawai, wato ka tambaya tukuna. Sai bacalao a la riojana, kifin teku da aka adana da gishiri, a jiƙa shi, a dafa a miyar tumatir da tattasai. Idan kana neman abu ɗaya da za ka ci hankalinka kwance, shi nake ba ka shawara, ko kuma gasasshen kifin merluza da ake kawowa daga gaɓar teku ta arewa.

Rago kuwa shi ne sarkin teburin. Iri biyu za ka gani. Na farko ɗan rago ne mai shan nono, wanda bai fi wata ɗaya da 'yan kwanaki ba, a sa kwatansa a kaskon ƙasa da ruwa da gishiri, a tura tanderun itace har naman ya saki ƙashi, fatar ta yi ƙaras-ƙaras. Kwata ɗaya na mutum biyu ne, kuma a wasu gidajen sai an yi odarsa tun kafin a zo. Wasu masu gashin suna shafa masa manteca, wasu ba sa yi, saboda haka tambayar nan ta zama dole. Na biyu shi ne chuletillas al sarmiento, siraran haƙarƙarin rago da ake gasawa a kan rassan inabi. Da hunturu ake yi wa kuranga aski, a ɗaure rassan dami-dami su bushe. Wutarsu tana tashi da sauri ta bar garwashi mai zafi wanda ba ya daɗewa, shi ya sa ake yanka naman siriri, a ci da hannu tun yana tururi. Babu yaji babu ƙuli, gishiri kawai da ƙamshin hayaƙin. Duk wanda ya saba da balangu zai gane hikimar tun daga cizon farko.

Sai dai ragon nan daga mahautar gari yake, ba yankan Musulmi ba ne. Malamai sun yi bayani a kan yankan ma'abota littafi da kuma yadda ake sumar da dabba kafin yanka a mayankan Turai, kuma fahimtarsu ta bambanta. Wannan hukunci na malaminka ne, ka je masa kafin ka tashi, tare da tambayar zama a teburin da wasu ke shan giya, domin tabbas za a sha a gabanka. Idan ka zaɓi barin naman, kifi ya wadatar. A Logroño akwai Musulmi 'yan Maroko da 'yan Pakistan da yawa, da shagunan naman halal da masallatai, don haka sauran kwanakinka ba za ka sha wahala ba.

Game da abin sha, ka nemi mosto, ruwan inabi ne da bai tsimu ba, kuma abin sha ne da kowa ya sani a nan, yara da direbobi shi suke sha. Riƙe kofinsa a garin inabi girmamawa ce ga amfanin gonarsu. Ruwan famfo kyauta ne, dokar 2022 ta wajabta wa gidajen abinci su bayar idan an nema. Giya tana shiga tukunya ma: duk abin da aka rubuta al vino a gabansa da giya aka dafa, har da peras al vino, 'ya'yan itacen da ake kawowa bayan abinci. Maimakonsa ka karɓi cuajada, daskararren nonon tumaki da zuma wanda ya yi kama da kindirmo mai kauri, ko cukun awaki na tsaunukan Cameros. Kayan fulawa na gargajiya akan sa musu manteca, ka tambaya. A ƙarshe maigida yakan kawo ƙananan kofuna kyauta, chupito, wanda barasa ce mai ƙarfi. Ka ɗora hannu a ƙirji ka ce "gracias", ka nemi kofi.

Kuɗi ba naka ba ne ranar nan. Wanda ya gayyata shi ke biya, kuma idan ka dage sai ransa ya sosu. Idan ka koma kai kaɗai a ranar aiki, ka nemi menú del día, wanda ya haɗa kwano na farko, na biyu, kayan zaƙi, burodi da abin sha a farashi ɗaya mai sauƙi, ka ce a musanya maka giyar da ruwa. Tukwici kaɗan ake bari, 'yan canjin da suka rage sun isa. Yawancin gidajen nan suna rufewa daren Lahadi ko ranar Litinin. Idan tafiyarka ta faɗo 29 ga Yuni, ka sani ranar ce mutanen Haro ke hawa duwatsun Bilibio suna watsa wa juna giya har tufafi su rine, garin kuma ba masaka tsinke, sai ka roƙi a sauya rana.

Ka tafi musu da tsaraba, amma kada ka ɗauki kilishi ko dambun nama. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama da kayan madara daga waje, za a karɓe a filin jirgi. Hular zanna ko jakar fata ta Kano za ta faranta musu rai. Idan kun gama, ka leƙa ƙofar kicin ka ce wa wadda ta yi girkin "estaba muy rico", wato ya yi daɗi ƙwarai, musamman idan ta sauya tukunya saboda kai.