Jar tururuwa a cikin lemon Binuwai

Tambaya: Ina sana'a a kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa. Da muka sauke lemon Binuwai, na ga ganye a manne da wani farin abu kamar saƙar gizo-gizo, cike da jar tururuwa mai dogayen ƙafafu da zafin cizo. Ko irin ta kurmi ce da ba kasafai ake gani ba?

Amsa: Malam, ganyen nan shi ya tona asirinta. Wannan ita ce masana ke kira Oecophylla longinoda, wadda Bafaranshe Latreille ya bayyana a 1802. Ni masaƙiya nake ce mata. A Kano baƙuwa ce, amma a gidanta ba ta ƙidayuwa.

Ba ta haƙa rami kamar gwano, ba ta yawon fatake kamar kwarkwasa. A kan bishiya take rayuwa: mangwaro, lemo, kashu, koko, goro. Manyan sukan jawo ganye biyu su haɗa, in tazarar ta yi yawa su kama ƙugun juna su yi sarƙa. Sai wasu su ɗauko 'ya'yansu da ke matakin tsutsa a baki, suna kai su suna kawo su a bakin ganyen, tsutsar tana fitar da zare. Da 'ya'yanta take ɗinki! Na daɗe ina kallon wannan aiki, har yau bai daina ba ni mamaki ba.

In kana son tabbatarwa, duba ƙugunta: gaɓa ɗaya ce, doguwa, siririya. Babbar ba ta cika wuce milimita 10 ba. Ba ta harbi. Cizo take yi ta fesa ruwa mai tsami a wurin, shi ne raɗaɗin da ka ji.

Abin da take buƙata shi ne damshi da bishiyar da ba ta rabuwa da ganye, shi ya sa ta fi yawa daga tsakiyar Nijeriya zuwa kudu. Gajeriyar daminarmu da bushewar hunturu ba su karɓe ta ba. Waɗanda suka zo maka, in babu sarauniya a cikinsu, ba za su daɗe ba.

Kada ka fesa musu magani. Wasu manoman mangwaro a Jamhuriyar Benin suna barin ta a gona saboda tana korar ƙudan da ke ruɓar da 'ya'yan itace. Ka zuba biyar ko shida cikin kwalbar sifirit, ka rubuta rana da garin da motar ta taso, ka kai sashen nazarin halittu na Jami'ar Bayero.