Tambaya da Amsa: Kujerar iyaye a kwamitin makarantar mishan

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata tana karatu a wata sakandaren Katolika a nan Yamai. Iyayen yara sun ce ni za su tura kwamitin da ke tafiyar da makarantar, ni kuwa Musulmi ne. Su wa ke zama a wannan kwamiti, kuma in aka kawo ƙarin kuɗin makaranta muna da ikon cewa a'a? Daga wani uba a Bukoki.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka karɓi kujerar. Yawancin ɗaliban makarantun mishan a Nijar 'ya'yan Musulmi ne, kuma wakilin iyaye, iyaye ne ke zaɓarsa, ba coci ba.

Amma ka fara sanin mai makarantar, don daga nan iyakar ikonku take. Makarantar Katolika ko dai ta bishop ce, wato shugaban cocin yankin, kai tsaye, ko ta wata ƙungiyar masu hidimar coci ce da ta kafa ta. Kundin dokokin cocin na 1983, a sashe na 803, ya ce ba makarantar da za ta ɗauki sunan Katolika sai da yardar hukumar coci. Sashe na 806 kuma ya ba bishop damar sa ido da kai ziyara, har a makarantun ƙungiyoyi, ya kuma wajabta kada karatun ya gaza na sauran makarantun yankin. A Yamai babban bishop na Yamai ne ke da wannan hurumi.  Saboda haka naɗa shugaban makaranta ko sauke shi, da sayar da fili ko gini, ba a hannun kwamiti suke ba. Manhaja da jarrabawar BEPC da BAC, wato ta gama ƙaramar sakandare da ta gama babba, na gwamnati ne.

Galibi za ka tarar da wakilin mai makaranta yana jagorantar zama, sai shugaban makaranta, mai kula da kuɗi, wakilan malamai da na iyaye, wani wurin har da tsoffin ɗalibai. Yawan kujeru, tsawon wa'adi, da ko kwamitin yanke hukunci yake yi ko shawara kawai yake bayarwa, duk suna rubuce a dokar makarantar. Ka nemi kwafinta kafin zaman farko.

Maganar kuɗi ita ce inda kujerarka take da nauyi. Ko da ƙuri'arka ba za ta hana ƙarin ba, kana da hakkin neman hujjarsa a rubuce. Ka roƙi a ba ka takardu uku aƙalla mako guda kafin taro: kasafin shekara mai zuwa, lissafin abin da aka kashe bara, da jimillar bashin da ke kan iyaye, ba tare da sunaye ba. Ta ukun nan ce ake yawan mantawa, alhali a nan ramin yake. A ce makaranta tana da ɗalibai 400, kowane jaka 150, wato sefa 150,000, a shekara. In 40 ba su biya ba, miliyan 6 sun fita daga kasafin da aka gina a kan cewa kowa zai biya. Kuɗin iyaye kashi-kashi yake shigowa, albashin malamai da kason asusun fanshon ma'aikata (CNSS) da takardar kuɗin lantarki ta NIGELEC kuwa ba sa jira. Sai a taɓa kuɗin gyaran aji a biya albashi, baɗi kuma a ɗora wa masu biya a kan lokaci. A ganinmu, kafin a amince da kowane ƙari, a fara tsara yadda za a karɓo bashin, a ware wa marasa hali ragi a fili cikin kasafi, sannan a sanar da sabon kuɗin tun ƙarshen shekarar karatu, ba ana gobe komawa a watan Oktoba ba.

Ka dage a kan sa hannun mutum biyu kafin a fitar da kuɗi daga banki, a kuma karanta rahoton zaman baya a farkon kowane taro. Abin da ba a rubuta ba, wata uku ya isa a musanta shi.

In batun korar ɗalibi ya zo gabanku, a saurari yaron da mahaifinsa tukuna, kuma maganar ta tsaya a ɗakin. Ranar da lamarin ya shafi 'yarka ko malaminta, ka faɗa da bakinka, ka fita har a gama.